Gani Ya Kori Ji: Shin Kayan Sauti Masu Tsada Sun Ci Kuɗinsu?

Jama'a, akwai wata gasa da ta shigo mana gidaje a hankali, tun daga nan Amoutivé har zuwa Zongon Agoè, ba tare da an yi shelarta ba. Gasar kuwa ita ce ta kayan sauti. A da, in magidanci ya mallaki akwatin rediyo mai kama gajeren zango da rakoda mai cin kaset, to ya gama. Yau kuwa falo bai cika falo ba sai an jera lasifikoki biyar ko shida, wasu tsayinsu ya kai na yaro ɗan shekara goma, ga kuma wata ƙatuwa a ƙasa mai sa tagogi rawa. Abin har ya shiga kayan ɗakin amarya. Uba zai ci bashi ya saya don kada dangin ango su raina masa 'ya. Matashi mai tuƙa zemijan zai zuba adashi wata da watanni, ranar da ya kwasa sai ya zarce Dékon ya dawo da kwali a bayan babur. Masu hali kuma sun wuce nan, su oda suke yi daga Turai ko Dubai, kayan su sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome.

Abin tambaya a nan shi ne, shin wannan kuɗi da ake zubawa yana komowa ta kunne? Ni dai a matsayina na wanda ya daɗe yana cin abinci da sauti a gidan rediyo, amsata ita ce: kuɗi na sayen sauti mai kyau, amma zuwa wani mataki. Da an wuce matakin nan, sauran abin da mutum ke biya na ido ne da na bakin mutane. Kuma matakin bai kai nisan da 'yan kasuwa ke so mu ɗauka ba.

Bari mu fara da ganin inda tsadar ta kai a duniya, don mu san irin kogin da muke sa ƙafa a ciki. A 2015 kamfanin Sennheiser na Jamus ya fito da wata lasifikar kunne mai suna HE 1, wadda aka sa wa kuɗi wajen Yuro 50,000. Da yake Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, kuɗin ya kusa sefa miliyan 33 ke nan. Mafi ƙarancin albashi a Togo tun daga watan Janairun 2023 shi ne sefa 52,500 a wata. Wato ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi shekara 52 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi abin da mutum ɗaya tak zai maƙala a kunne. A Amurka kuma kamfanin Wilson Audio ya sayar da wasu lasifikoki guda biyu a kan Dalar Amurka 685,000. Har wayar da ke haɗa amfilifaya da lasifika ba a bar ta a baya ba, domin a 2007 wani kamfani mai suna Pear Cable ya sa wa tasa Dalar Amurka 7,250, wato sama da sefa miliyan 3 a canjin wancan lokaci.

Mai karatu zai ce, to mu ina ruwanmu da waɗannan, ai ba wanda zai saye su a unguwarmu. Gaskiya ne. Sai dai tunanin da ke sa Bature ya biya miliyoyi a kan waya shi ne dai ke sa namu ya bar kayan jika 80 ya ɗauki na jika 400 ba tare da ya saurari ko ɗaya da kyau ba. Tunanin kuwa shi ne, duk abin da ya fi tsada dole ya fi daɗin ji.

An gwada wannan tunani, kuma ba sau ɗaya ba. A kan waccan waya mai tsada, wani Ba'amurke mai suna James Randi, wanda ya yi suna wajen tona asirin 'yan damfara, ya ajiye Dalar Amurka miliyan ɗaya ga duk wanda zai iya bambanta ta da waya mai sauƙin kuɗi da kunnensa kawai, ba tare da ya ga wadda aka jona ba. Aka yi ta kai da kawo, amma ba a kai ga yin gwajin ba, kuɗin kuma ba wanda ya ci. Tun kafin nan, a 1987, mujallar Stereo Review ta Amurka ta tara masu sauraro ta gwada musu amfilifayoyi iri-iri, daga mai ɗan sama da Dalar Amurka 200 har zuwa mai 12,000. Aka daidaita ƙarfin sautinsu, aka ɓoye wadda ke aiki. Masu sauraron nan suka kasa rarrabewa yadda za a dogara da su.

Gwajin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na 1994, wanda wasu masana biyu, Floyd Toole da Sean Olive, suka yi a kamfanin Harman mai lasifikokin JBL. Sun sa mutane sun saurari lasifikoki huɗu suna kallonsu, suka ba kowace maki. Manya masu ƙyalli da tsada suka kwashe maki. An kuma saurari su dai a bayan labule, ba a ganinsu. Tazarar da ke tsakaninsu ta ragu ƙwarai, ƙaramar da aka raina ta ɗago. Wani abin mamaki kuma, a bayan labule mutanen sun ji babban bambanci idan aka canja wa lasifika wurin zama a ɗakin, amma da suna kallo ba su kula da wannan ba sosai. Hausawa kan ce gani ya kori ji, suna nufin abin da ido ya shaida ya fi labari. To a harkar sauti maganar nan ta zama gaskiya ta wata fuskar daban: ido ne ke korar kunne daga aikinsa, ya yanke hukunci a madadinsa.

Haka abin yake ga faya-fayan da ake cewa sun fi CD inganci. Shi CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, an tsara shi ne ya ɗauki duk abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji, wato daga sauti mai kaɗawa sau 20 a sakan zuwa mai kaɗawa sau 20,000. A 2007 wasu masu bincike biyu a Boston, Meyer da Moran, suka gwada mutane sau 554 don su bambanta sautin CD da na manyan faya-fayan, aka dace sau 276, wato rabi, daidai da abin da mai canke zai samu. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 irin wannan, ya ce akwai ɗan bambanci, domin an dace wajen kashi 52 cikin 100, waɗanda aka horar kuma sun fi haka. To ko mun karɓi maganarsa, bambancin da sai an horar da mutum a ɗaki shiru kafin ya tsinkaye shi, nawa ya kamata magidanci ya biya a kansa?

Yanzu mu dawo gida, domin mu a nan muna da namu dalilan da suka fi waɗannan ƙarfi. Sauti kamar ruwan famfo yake, in ya taso da datti daga tushe, ko famfon zinariya aka sa a gida da dattinsa zai fito. Me muke saurara a gidajenmu? Akasari rediyo ne, da waƙoƙi da karatu da wa'azin da masu tura waƙa suka zuba mana a waya ko a memori, sai kuma abin da aka turo ta WhatsApp. Mu ma'aikatan rediyo mun san tashar FM ba ta aika sautin da ya wuce kaɗawa 15,000 a sakan, gajeren zango kuwa bai kai ko rabin haka ba, amma da shi iyayenmu suka yi ta jin Sashen Hausa na BBC tun 1957 ba su yi ƙorafi ba. Abin da ke cikin waya kuma an matse shi ne don ya yi ƙanƙanta, an zubar da wani sashe nasa da ba ya dawowa. Da yawa daga cikin waƙoƙin marigayi Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Ɗanmaraya Jos da ke yawo a hannun jama'a, daga kaset aka kwafe su zuwa kaset, sau da dama, kafin su shiga kwamfuta. Haka ma wasu tsofaffin waƙoƙin Bella Bellow da maƙwabtanmu ke ji da su. Lasifikar miliyan ba za ta mayar da abin da ya ɓace a hanya ba. Hasali ma ita ce za ta fi fito da shuuu ɗin kaset ɗin fili, domin aikinta ke nan, ta faɗi abin da aka ba ta ba ragi.

Na biyu shi ne ɗakin. Yawancinmu a ɗaki da falo muke, bango siminti, ƙasa tayil, sama kwano, wani ma ba silin. Sauti in ya fito daga lasifika sai ya bugi bango ya dawo, ya bugi ƙasa ya dawo, ya cakuɗe da wanda ke fitowa. Shi ya sa za ka ji kiɗa na gunji amma ba ka gane abin da mawaƙi ke faɗa. Ga fanka na juyawa, ga zemijan na wucewa, ga injin niƙa a bayan gida, ga yara a tsakar gida. 'Yan ƙananan abubuwan da aka biya maƙudan kuɗi don a ji su, duk sun nutse a cikin wannan hayaniya. A situdiyo ba da lasifika ake fara kashe kuɗi ba, da bango ake farawa, a lulluɓe shi da abin da ke shanye sauti. A gida ma, kafet da labule mai kauri da kujerun kushin, da janye lasifika daga lungu a ɗaga ta daidai kunnen mai zama, za su gyara sauti fiye da ƙarin jika 200 a kan na'ura. Girma kuma ba shi ne inganci ba. Lasifikar da injiniyoyin BBC suka ƙera a shekarun 1970 don aiki a motocin ɗaukar shiri, mai suna LS3/5a, tsayinta wajen santimita 30 ne kacal, amma har yau ana yabon yadda take fitar da muryar mutum.

Na uku ita ce wutar lantarki da iskar garin nan. Wanda ya ga 1998, lokacin da ruwan madatsar Akosombo ta Gana ya ja baya Lome ta shiga duhu, ko ya ga ɗauke-ɗauken wutar 2024, ya san wuta ba ta yi wa kowa alkawari. Ba ɗaukewar ce ke kashe kaya ba kamar dawowar, in ta zo da ƙarfi. Wutar CEET bolt 220 ce, alhali kayan da aka yi don Amurka na 120 ne, na Japan kuma 100. Sau nawa aka aiko wa mutum da kaya daga waje, ya jona da murna, hayaƙi ya tashi? Ga danshin teku mai gishiri da ke sa tsatsa a bakin wayoyi, yana ruɓar da soson da ke gefen lasifika, ga ƙurar hunturu. Idan kayan miliyoyi suka lalace, wa zai gyara, kuma ina za a samo abin canji? Takardar garantin da aka bayar a Paris ko Dubai ba ta da amfani a Amoutivé sai dai a yi fifita da ita.

Na huɗu shi ne kunnen kansa. Wancan kaɗawa 20,000 da muka ambata, yara da matasa ne ke kusantar jin sa. Da shekaru suka fara ja, sai siririn sauti ya riƙa ɓacewa a hankali. Abin dariyar shi ne, lokacin da mutum ke da kunnen ba shi da kuɗin, lokacin da ya samu kuɗin kuma kunnen ya fara sallama. Abin da ba na dariya ba kuwa shi ne yadda muke kashe kunnen da hannunmu. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa biliyan 1 da miliyan 100 na cikin haɗarin rasa ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ƙwayoyin da ke cikin kunne in sun mutu ba sa sake tsirowa, kuma ba a sayar da su a Dékon. Duk wanda ya taɓa tashi daga wajen biki kunnensa na ƙara har washegari, to ya sani an ɗan taɓa masa jarinsa. A gidan haya kuwa abin ya wuce kunnen mai kaya, domin bayan bangon nan akwai jariri da mara lafiya da ɗalibi mai jarrabawa, kuma kowannensu na da haƙƙi.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a bi araha ido rufe. Araha ba ta ado, kuma a ɓangaren masu arahar ma akwai tasu yaudarar. Za ka ga kwali an rubuta masa wat 5,000 da manyan baƙaƙe, a gefe an sa PMPO. Wannan lissafi ne na talla kawai, ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita. Lambar da ake dubawa ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta. In ba ka gan ta ba, juya bayan na'urar ka karanta yawan wutar da take ja. Abin da ke jan wat 60 daga bango ba zai taɓa fitar da wat 5,000 ba, kamar yadda ba a zuba mudu ɗaya a tukunya a kwashe buhu. Da gaske yake fitar da hakan, da mitar Cash Power ta gaya maka tun daren farko. Sannan a sani, ninka wat sau biyu ɗan ƙari kaɗan yake yi a kunne. Kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninka, sai an ninka wat ɗin wajen sau goma. Ga falo irin namu, wat 30 zuwa 50 na gaskiya a kowane ɓangare sun isa har maƙwabci ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Masu ra'ayin sayen mai tsada suna da hujjoji, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida. Wannan haka yake. Har gobe akwai gidajen da tsofaffin amfilifayoyin Japan na shekarun 1970 da 1980, irin su Sansui da Pioneer da Technics, ke aiki, domin an yi su da ƙarfe mai nauyi, kuma mai gyaran rediyo na unguwa na iya buɗe su ya canja abin da ya ƙone. Kayan roba masu walƙiya da fitilu kala-kala kuwa, da yawa ba sa ganin sallah biyu. Suna kuma cewa lasifika da lasifika akwai bambanci. Wannan ma gaskiya ne, a nan ne ma bambancin ya fi yawa, kuma shi kansa Toole ya nuna cewa a bayan labule mutane kan zaɓi lasifikar da ba ta ƙara wa sauti gishiri ba ta rage. Sai dai inganci da tsada ba kullum suke tafiya tare ba.

Hujjarsu ta ƙarshe ita ce, kuɗin mutum ne, kuma kowa da abin da ransa ke so. Wani shadda ce tasa, wani mota, wani ragon layya mai ƙaho. Ban musa ba. Wanda ya sauke nauyin iyalinsa, ya biya kuɗin makaranta da na haya, ya rage masa, in ya sayi abin da zai zauna da yamma ya ji muryar makarancin da yake so ko kalangu ya fito masa tas, bai yi laifi ba. Haka wanda sauti ne sana'arsa, kamar mai kiɗan biki da mai situdiyo da gidan rediyo, shi jari ya zuba. Maganata da wanda zai ci bashi ne, ko ya taɓa jarinsa, ko ya takura wa iyayen yarinya, don kawai a shigo falo a ce kai! Wannan ya biya kuɗin kallo ne, kuma masu kallon ba za su taya shi biya ba.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga mai niyyar saye. Ka tafi kasuwa da abin da ka saba ji a wayarka, musamman muryar mutum yana magana ko karatu, domin kunne ya fi sanin murya a kan komai, kuma nan da nan zai gane in an canja ta. Kada ka yarda mai shago ya sa maka nasa kiɗan mai dukan ƙirji. Ka sa a daidaita ƙarar kayan biyu da kake gwadawa, domin wanda ya ɗan fi ƙara kullum shi ke kama da ya fi kyau, kuma 'yan kasuwa sun san haka. Sannan ka juya baya, ka bar abokin tafiyarka ya riƙa canjawa ba tare da ya gaya maka ba. In ka kasa gane na jika 400 daga na jika 100, to kunnenka ya yi maka ciniki, ka mayar da jika 300 aljihu. In kuwa ka gane shi sau bayan sau, kuma kana da hali, to ka saya da zuciya ɗaya.

Mafi yawan kuɗin ka sa shi a lasifikoki biyu nagari, sun fi guda shida na banza. Amfilifaya matsakaiciya ta wadatar. Wayar tagulla mai ɗan kauri ta kasuwa ta isa, kada wani ya ruɗe ka da mai kan zinariya. Ka ware kuɗin na'urar daidaita wuta tun kafin ka sayi sauran, ka kuma riƙa zare soket in an ɗauke wuta ko hadari ya taso. Ka tambayi mai gyara na unguwarku ko yana iya buɗe irin wannan kaya, tun kafin ka biya.

Ga iyayen amare kuma, da dangin ango masu zuwa ganin ɗaki, don Allah a sassauta wa juna. Ba a taɓa jin auren da lasifika ta riƙe ba. Kuɗin da za a ƙara don kwalin ya fi na 'yar maƙwabta girma, in aka ba yarinyar ta ja jari, ko aka saya mata keken ɗinki, zai fi yi mata amfani ranar da aka ɗauke wuta. Daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya sa mu gane, ya kuma bar mu da jinmu har tsufa.